Mutum cikin rigar dabba: 'Yan furi tsakanin kirari, jita-jita da dokar rufe fuska a Amurka

A birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa, ganin baligi cikin rigar dabba ba abin mamaki ba ne muddin a filin wasa yake. Ƙungiyar besbol ta birnin, Grasshoppers, sunan fara ta ɗauka, kuma a duk ranar wasa akwai wanda ke shiga rigar fara yana tsalle a gaban 'yan kallo. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Swarm rina ce alamarta, Jami'ar North Carolina A&T kuma kare.

Amma idan wani saurayi ya ɗinka wa kansa rigar kyarkeci, ya rufe kansa ruf ya fito titi don nishaɗin kansa, to ya shiga hurumin wata doka ta 1953 wadda ta hana duk wanda ya kai shekara 16 ɓoye fuskarsa a bainar jama'a. An yi dokar ne saboda ƙungiyar Ku Klux Klan, aka kuma sake tsaurara ta a 2024.

Irin wannan saurayi shi ake kira ɗan furi. A 'yan shekarun nan sunan jama'arsa ya shiga bakin 'yan majalisa a jihohi da dama, kuma yawancin abin da ake faɗa a kansu ba a kawo hujjarsa ba.

Su wane ne 'yan furi?

Kalmar ta samo asali ne daga sunan gashin jikin dabba a Turanci. Ana nufin masu sha'awar dabbobin da aka ba halayen ɗan Adam, masu magana da tafiya da ƙafa biyu, kamar waɗanda ake gani a finafinan zane. Harkar ta tsiro a tarukan masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya a shekarun 1980, kuma an yi taronsu na farko mai zaman kansa, ConFurence, a California a 1989. Intanet ce ta yaɗa ta duniya.

Taron Anthrocon, wanda aka fara a 1997 ya kuma koma birnin Pittsburgh a 2006, ya tara mutum sama da 17,000 a 2024. A Carolina ta Arewa ma ana yin tarukan Bewhiskered da Carolina Furfare.

Ginshiƙin harkar shi ne abin da suke kira fursona. Kalmar ba ta da dangantaka da fursuna na gidan yari. Haɗi ne na gashin dabba da mutumtaka, kuma a Hausa ana iya ce mata dabbar hali. Mutum zai zaɓi dabba, ya raɗa mata suna, ya tsara mata launi da ɗabi'a da tarihi, sannan ya biya mai zane ya fitar masa da hotonta. Da wannan suna da wannan hoto abokansa za su san shi, wani lokaci shekaru kafin su ji sunansa na yanka.

Rigar gashin da 'yan jarida ke son ɗauka hoto kuwa, ƙalilan ne ke da ita, domin cikakkiya takan ci dubban daloli. Mafi yawansu zane da hira da rubutu ne abin da ya haɗa su.

Me bincike ya gano?

A 2008 masaniyar halayyar ɗan Adam Kathleen Gerbasi ta wallafa sakamakon binciken da ta yi a taron Anthrocon. Daga baya ita da Courtney Plante da Stephen Reysen da Sharon Roberts ta Jami'ar Waterloo a Kanada suka kafa ayarin da ake kira Furscience, wanda ya yi shekaru yana yi wa dubban 'yan furi tambayoyi.

Sun gano cewa yawancinsu matasa ne, kuma maza sun fi yawa. Dabbobin da aka fi zaɓa su ne kyarkeci da yanyawa da kare da dangin kyanwa da dodon tatsuniya mai fukafukai, sai kuma gaurayen dabba biyu. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suke siffanta dabbar halinsu: tana kama da mai ita, amma ta fi shi ƙarfin zuciya da fara'a da sakin jiki cikin mutane. Wato hoton mutumin da yake fatan zama ce.

Binciken ya kuma nuna cewa da yawansu sun sha cin zali a hannun 'yan uwansu ɗalibai tun suna yara, fiye da sauran jama'a. Ga mai jin kunya ko wanda aka saba yi wa dariya, sabon suna da sabuwar fuska kan zama ƙofar shiga mutane.

Akwai wani rukuni daban da ake kira teriyan, masu jin cewa a ruhinsu akwai wani abu na dabba. Masu binciken sun bambanta su da sauran, domin galibin 'yan furi sun san sarai su mutane ne masu wasa da siffa.

Bahaushe ya san wannan harshe

Siffanta hali da dabba tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Maroƙi na ce wa sarki zaki ko toron giwa, ɗan dambe a kira shi ɓauna ko bajimi, kuma babu mai jin haka ya zaci an fitar da su daga jinsin mutane. A tatsuniya Gizo ne uban wayo, dila malamin daji, kura kuwa kwaɗayi ke kai ta ya baro. A cikin Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya ba aku muƙamin waziri. Ƙungiyar ƙwallon ƙafar Nijar sunan barewa take amsawa, Mena, ta Najeriya kuma gaggafa.

Har shigar ma akwai ta. Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan fito tashe da gemun auduga da tsummoki, su kwaikwayi tsofaffi da malamai da dabbobi. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wasan Dodo da yara ke yi da fuskokin dabbobi a watan Ramadan ana danganta zuwansa da fataken Hausawa na ƙarni na 19.

Kwatancin na nuna cewa ma'anar dabba daga al'ada take fitowa. Ba'amurken da ya zaɓi kare yana nufin riƙon amana, alhali a Kano kiran mutum kare zagi ne. Mujiya a wurin Bature alamar hikima ce, a wurin Bahaushe kuwa tsuntsuwar baƙin jini. Mai zaɓen yanyawa wayon tatsuniyar Turai ya aro, kamar yadda Bahaushe zai aro na dila.

Sai dai bambancin ma babba ne. Kirari jama'a ke yi wa mutum bayan ya nuna bajinta ko ya gaji sarauta, dabbar hali kuwa mutum ne ke zaɓa wa kansa. Tashe yana da wata da dare da unguwa, kowa ya san ɗan gidan wa ke cikin tsumman, kuma da an yi salla wasan ya ƙare. Ɗan furi shi ke yanke lokacinsa, kuma masu kallonsa baƙi ne. Inda al'ada ba ta keɓe wa ɓad-da-kama lokaci da wuri ba, sai doka ta shigo ta keɓe.

Dokar da aka yi don wasu

A farkon shekarun 1950 'yan Ku Klux Klan, sanye da fararen huluna masu rufe fuska, sun addabi kudu maso gabashin Carolina ta Arewa da duka da sace mutane cikin dare. Ƙananan jaridu biyu na garuruwan Tabor City da Whiteville sun sami kyautar Pulitzer a 1953 saboda tona musu asiri. A shekarar ce majalisar jihar ta haramta rufe fuska a tituna da wuraren gwamnati.

Dokar ta yi togaciya ga shigar bukukuwan gargajiya a lokacinsu, da wasan kwaikwayo, da liyafar ɓad-da-kama, da abin da sana'a ta wajabta, da kuma jerin gwanon ƙungiyar da ta samu izinin hukumar gari. A 2020 aka ƙara uzurin lafiya saboda annobar korona.

Bayan zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a Jami'ar Chapel Hill a 2024, inda masu bore da yawa suka rufe fuska, 'yan Republican suka kawo ƙudurin da ya taƙaita uzurin lafiya ga takunkumin asibiti, ya kuma ƙara hukunci ga wanda ya aikata laifi da fuska a rufe. Gwamna Roy Cooper ya ƙi sa hannu, majalisa ta yi amfani da rinjayenta ta tabbatar da shi a watan Yunin shekarar.

Ba 'yan furi aka nufa ba, kuma dokar ba ta ambace su ba. Amma kan kyarkeci na soso da gashi yana ɓoye fuska gaba ɗaya. Ko shigar ta faɗa cikin wasan kwaikwayo ko liyafar ɓad-da-kama, wannan fassara ce da ke hannun ɗan sandan da aka ci karo da shi, sannan alƙali.

Tsoron da ya haifi dokar yana da tushe, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Greensboro ta san wannan sara. Ranar 3 ga Nuwamban 1979 'yan Klan da 'yan Nazi suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a unguwar Morningside Homes, suka kashe mutum biyar. Da rana tsaka aka yi, fuskokinsu a buɗe, kyamarorin talabijin na ɗauka, amma masu taya alƙali hukunci, dukkansu farar fata, suka wanke waɗanda aka gurfanar a shari'o'in 1980 da 1984. Sai a 2020 majalisar birnin ta nemi gafara kan sakacin 'yan sanda. Ganin fuska bai hana kisan ba, bai kuma kawo hukunci ba.

Ƙaryar akwatin yashi

Abin da ya fi doka cutar da 'yan furi shi ne jita-jita. A ƙarshen 2021, a wani taron hukumar makarantu a Midland ta jihar Michigan, aka yi zargin cewa ana ajiye akwatin yashi irin wanda kyanwa ke bahaya a ciki domin ɗaliban da ke ɗaukar kansu dabbobi. Shugaban makarantun ya ƙaryata, amma zancen ya riga ya yi fiffike.

A 2022 ɗan majalisar Nebraska Bruce Bostelman ya maimaita shi a zauren majalisa, daga baya ya janye. Fitaccen mai shirin hira Joe Rogan ya faɗa wa miliyoyin masu sauraronsa, sannan ya amsa cewa ba shi da hujja. Kafar NBC ta ƙirga aƙalla 'yan siyasa 20 da suka yaɗa zargin, ba ta kuma sami makaranta ko ɗaya da ta aikata ba. Abin da ta samu yana gundumar Jefferson ta Colorado, inda aka yi kisan makarantar Columbine a 1999: an ajiye yashin cikin bokitai domin yara su biya buƙata idan aka kulle su a aji saboda ɗan bindiga.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta haifi ƙudurori. A 2024 Justin Humphrey na majalisar Oklahoma ya nemi a kira jami'an kama dabbobi su fitar da ɗalibin da ya yi shigar furi idan iyayensa ba su zo ba. A 2025 Stan Gerdes ya kawo irinsa a Texas da goyon bayan Gwamna Greg Abbott, amma da aka tambaye shi a zaman kwamiti bai kawo tabbataccen misali ba. Babu wanda ya zama doka a cikinsu.

Dalilin da ya sa zancen ya samu karɓuwa shi ne rigimar jinsi da ke cin Amurka. Binciken Furscience ya nuna masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi suna da yawa cikin 'yan furi, sai labarin yaron da ya ce shi kyanwa ne ya zama makamin masu cewa makarantu sun lalace.

Abin da ya cancanci damuwa

Iyaye na da dalilan sa ido na gaskiya. Akwai zane-zanen batsa a wani sashe na harkar, abin da mujallar Vanity Fair a 2001 da wasan talabijin na CSI a 2003 suka mayar tamkar shi ne dukkanta. Manyan taruka na ware kayan manya ga waɗanda suka kai 18, suna kuma neman izinin iyaye ga ƙananan yara, amma a intanet babu mai tsaron ƙofa, kuma sunan aro na iya ɓoye mugu kamar yadda yake kare mai kunya. Ga iyaye Hausawa da ke renon 'ya'ya a Amurka, tambayar da za a yi ita ce da wa yaro ke hira, a wane dandali, kuma shekarunsa nawa.

Su kansu 'yan furi sun ɗanɗana haɗari. A Disamban 2014 an watsa sinadarin kulorin a otal ɗin taronsu a Rosemont, kusa da Chicago, aka kwantar da mutum 19 a asibiti, 'yan sanda kuma suka ce da gangan aka yi.

Pittsburgh ta ɗauki wata hanya. Tun 2015 ake fito da jerin gwanon masu rigar gashi kan titi, iyalai na zuwa kallo, otal-otal da gidajen abinci na cin miliyoyin daloli, taron kuma na tara wa wata gidauniyar kula da dabbobi kuɗi kowace shekara. Birnin ya yi wa wasan abin da ƙasar Hausa ta yi wa tashe: ya ba shi lokaci da wuri da masu lura. Dokar Carolina ta Arewa ma ta bar irin wannan ƙofa ta izinin hukumar gari, don haka a birane irin su Greensboro maganar na iya ƙarewa a ofishin ƙaramar hukuma kafin ta kai gaban alƙali.