Haƙƙin Matalauci a Kuɗin Koyon Sana'a

A wannan mako za mu duba kuɗin da Hukuma kan keɓe domin koya wa marasa ƙarfi sana'a, da abin da Shari'a ta ɗora wa masu riƙe da su. Abin da ya jawo maganar shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli, 1445 ta Hijira ta gama ke nan, watau 2024, cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Ko yaya kuɗin suka bi suka iso hannun shugaban Ƙaramar Hukuma, matalaucin garin yana da rabo a ciki, kuma mu a ganinmu sana'a ce mafi alherin rabonsa.

Wannan aiki yana da asali a wurin magabata. Imamul Gazali a cikin Ihya'u ya lissafta noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya, watau idan gari ya rasa masu yin su, laifi ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, irin su maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, cikin wajiban shugaba, har ya ce a rarraba su gari gari gwargwadon bukata. Saboda haka shugaban da ya koya wa talaka sana'a da dukiyar jama'a nauyi ya sauke, bai kamata a tara makaɗa don a gode masa ba.

To, amma ina gizo ke saƙar? Matalauci na gaske, wanda sai ya fita da safe a ɗora tukunya a gidansa da dare, ba ya iya zaman wata shida a gaban mai koyarwa, ko da koyarwar kyauta ce. Mai turin baro ko mai ga-ruwa idan ya bar aikinsa kwana uku, iyalinsa sun kwana da yunwa. Shi ya sa sau da yawa waɗanda ke cika kujerun nan 'ya'yan masu hali ne, da na kusa da masu rubuta suna. Lokacin da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ta fara aiki a 1987, ta riƙa haɗa matasa da masu sana'a a bakin aikinsu, tana biyan maigidan, tana ba yaron ɗan abin kashewa. Tsarin ya yi daidai, domin ya gane cewa ciki da yunwa ba ya riƙe karatu. Duk kasafin da aka yi wa gini da buki da rigunan yaye ɗalibai, aka manta da abincin ɗalibi da kuɗin motarsa, an rufe wa mai haƙƙin ƙofa tun kafin ya iso.

Matsala ta biyu tana zuwa bayan yaye. Yarinya ta koyi ɗinki, an miƙa mata takardar shaida, ba keke. Yaro ya koyi walda, ba inji. A nan ne 'yan kasuwa ke da babban rabo. Malamai sun yi saɓani a kan biyan albashin mai koyarwa ko gina makaranta da kuɗin zakka, domin da yawansu sun sharɗanta a mallaka ta ga matalaucin kansa. Wannan ɓangare sai a bar wa baitulmalin Hukuma. Amma kayan aiki, Imamun Nawawi ya faɗa a cikin Majmu'u cewa mai sana'a matalauci ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan sana'arsa, ko kuɗin sun yi yawa ko kaɗan, ɗan kasuwa kuma a ba shi jari. A mazhabarmu ta Malikiyya ma ya halatta a ba mutum guda abin da zai ishe shi shekara. Ashe attajirin da kan canja zakkarsa zuwa ƙananan takardu ya raba wa ɗaruruwan mutane a ƙofar gida, su kashe kafin la'asar, yana da hanyar da ta fi: ya nemi mutum biyar da aka yaye, ya tsayar da su da ƙafafunsu. Sai dai a kula, mafi aminci ya damƙa musu kuɗin su zama nasu, sa'an nan in sun so su wakilta shi ya sayo, don a fita daga saɓanin ba da kaya a maimakon kuɗi. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma haɗa irin wannan hukuma da wuraren koyon sana'a bai fi ƙarfin kowa ba.

Saura ku ma'aikata, masu riƙe da alƙalami. Takardar sunaye amana ce, kuma sa sunan ɗan ɗaki ko ɗan jam'iyya a gurbin maraya ha'inci ne, ko da ba ku ci ko kwabo ba. Ku tambayi mai unguwa da limami, sun san gidan da ba a hura wuta. Kuma in an raba kekuna, a koma bayan wata shida a duba: nawa ke aiki, nawa aka kai kasuwa aka sayar? Wanda ya sayar kada a yi saurin zaginsa, a fara tambayarsa ko bashin magani ne ya ci keken.