Samudawan Dutsi da Gumakan Aro

Duk wanda ya leƙa gidajen gem na Ƙaura Namoda, ko ya tsaya inda samari ke cajin waya a Shinkafi da Zurmi, zai tarar da yaran da suka san Zeus da Odin da Thor kamar yadda suka san sunayen maƙwabtansu. Sun san wanda ya haifi wane, da wanda ya ci amanar wane, da yadda aka ƙera duniya daga gawar wani ƙato mai suna Ymir. Ka tambayi yaron nan wane ne Dakka, ko ina ne Dutsi, sai ya dube ka kamar ka yi masa yaren waje, alhali Dutsi na nan cikin ƙasar Zurmi. Wannan jahilcin ba laifin yaran ba ne. Laifinmu ne, mu da muka iya riƙe alƙalami, kuma kan wannan nake so in yi jayayya da ɓangarori biyu na mutanenmu.

Irin wasannin da nake nufi su ne waɗanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya rayu cikin duniyar da aka ƙaga. Tun da aka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, masu ƙirƙirar su suka gane cewa duniyar ƙage ba ta tsayuwa sai an ba ta asali: wa ya kafa ta, su wa ke iko da ruwa da wuta da mutuwa, wane zunubi aka yi tun farko da har yau ake biyan bashinsa. God of War, wanda ya fito a 2005, ya ɗauki gumakan Girkawa, a 2018 kuma ya koma kan na mutanen arewacin Turai. Yaron da ya kwashe watanni a cikin irin wannan duniya yana fitowa da wani ma'auni na jarunta da fansa da ƙaddara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a yanzu wasu ne ke tanƙwara mana.

Ɓangare na farko su ne masu cewa maganin abin shi ne a rufe ƙofa baki ɗaya, domin duk labarin da ya ambaci abin bautar da ba Allah ba shirka ne. Ina girmama kishinsu, amma hujjarsu ba ta da ƙafa. Malamanmu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya jero gumakan mutanen Annabi Nuhu da sunayensu. Ibn al-Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa. A nan gida, Musulmi ne suka rubuta Tarihin Kano, suka adana mana labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, kuma ba wanda ya ce imaninsu ya yi rauni. Firdausi ya kammala Shahnama a 1010, ya cika ta da sarakuna da dodannin Farisa ta kafin Musulunci. Shi kansa Thor ɗin da yaranmu ke yi wa kirari, galibin labarinsa ya iso zamaninmu ne ta hannun Snorri Sturluson, wani Kirista ɗan Aislan da ya tattara shi wajen shekarar 1220, fiye da ƙarni biyu bayan ƙasarsa ta karɓi Kiristanci. Ya rubuta ne domin kada mawaƙan ƙasarsa su rasa ma'anar kalmominsu. Bayan shekara ɗari takwas, ga kamfanoni suna cin arzikin wannan ajiya, har tana shigowa aljihun ɗan Zurmi. Rufe ƙofar da ake kira a yi bai hana Zeus shigowa ba, namu kawai ya hana fita.

Ɓangare na biyu su ne 'yan'uwana matasan marubuta da suka ɗauka cewa duniyar ƙage ba ta cika sai da majalisar alloli. Sai su ɗauko tsarin Girkawa, su sa wa gunkin tsawa sunan Hausa, su ce sun ƙirƙira. Wannan kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasarmu ba ta taɓa tunanin farkon halitta ta wannan hanyar ba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya tarar su ma sun yarda Allah ne Mahalicci, iskoki kuwa halittu ne a ƙarƙashinsa. Saboda haka marubucin Hausa ba ya buƙatar ƙaga mahalicci kafin ya gina duniya. Tolkien, wanda yawancin waɗannan wasanni suka sha daga rijiyarsa, Katolika ne mai riƙo da addininsa, kuma duniyar da ya zayyana a The Silmarillion ta 1977 mahaliccinta ɗaya ne, sauran masu iko duk bayinsa ne. Abubakar Imam da Bello Kagara sun kai Alhaji Imam da Ganɗoki ƙasashen aljannu tun 1934, ba tare da sun girka gunki ko ɗaya ba.

Akwai kuma iyakar da nake ganin hankali ya shata. Bori yana da birninsa na Jangare da gidajensa da sarakunansa, yana da Inna da Kure da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, kuma mai neman kayan wasa zai iya kwaɗayin su. Sai dai bori abu ne mai rai, akwai masu yin sa da gaske, akwai masu ƙyamar sa da gaske. Wanda ya mayar da iskokinsa abin dannawa a waya zai ɓata wa ɓangarorin biyu, ya kuma ba masu haramtawa sandar dukansa. A yi nazarin bori a jami'a, a rubuta tarihinsa. Mai gina wasa yana da wani rumbun da ya fi wannan cika.

Rumbun shi ne labarin asalin ƙasa. Ruwayoyin Zamfarawa sun ce kakanninsu maharba ne da suka zauna a Dutsi, sarakunansu na farko kuwa samudawa ne, Dakka ne kan gaba, kuma manyan kaburburan da ake danganta musu suna can. Akwai ruwayar Fara, 'yar sarkin Gobir da ta ɓace a daji maharbi ya tsince ta, wadda ake cewa daga sunanta aka samo Zamfara, wato mazan Fara. Akwai Sarauniya 'Yargoje. Akwai Birnin Zamfara, can kusa da Isa maƙwabciyar Shinkafi, wanda ya karɓi Gobirawa baƙunci, daga baya Babari ya rushe shi a shekarun 1760. Alƙalawa da ta gaje shi ita ma ta faɗi a 1808, a yaƙin da Namoda ya yi suna. Ga samudawa, ga baƙon da ya cinye mai masaukinsa, ga birnin da ya ci wani shi ma aka ci shi. Ƙara da Gizo da Ƙoƙi da Dodo na tatsuniya, ka gaya mini abin da Girka ta fi mu da shi, in ban da masu rubutawa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin ke ciki. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Tsoffin da suka haddace jerin sarakuna da kirarin maharba suna zaune a matsugunan gudun hijira a Ƙaura da Gusau, kuma jikokinsu ba su tambayar su komai. Abin da aka rubuta kuwa ya yi wa yaran nisa: littafin Kurt Krieger na 1959 da Jamusanci yake, kundin digirin Garba Nadama na 1977 da Ingilishi. Duk tsohon da aka binne ba a naɗi muryarsa ba, wani yanki na Dutsi aka binne tare da shi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. A Kamaru, wani ƙaramin kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan da ya gina duniyarsa kan al'adun Afirka, duk da matsalar wutar lantarki irin tamu. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983, muna da Jami'ar Tarayya a Gusau. Ɗaliban Hausa da na tarihi su ɗauki wayoyinsu su je wurin tsoffin nan tun suna da numfashi. Ɗaliban kwamfuta da masu zane su karɓa daga hannunsu. Malaman addini su zauna da su, su nuna musu inda hikaya ta ƙare aƙida ta fara, maimakon su kore su daga zaure. Yaranmu za su ci gaba da shiga duniyoyin ƙage ko mun so ko mun ƙi, don haka gara mu gina musu ɗaya wadda ƙofarta ke Dutsi.