Mai Farar Hula Da Masu Sharar Duhuwa

Shekara uku na yi ina jin wani fito daga cikin duhuwar da ke bayan gidana a unguwar malaman jami'a, bayan sallar Asuba da kuma gab da Magariba, kafin Allah Ya nufe ni da ganin mai yin sa. Da fari na ɗauka wani yaro ne yake tsokanata, domin in na yi fito sai a mayar mini da shi daidai wa daida. Ashe tsuntsu ne.

Masana suna kiransa Cossypha niveicapilla, sunan da ke nuni da farin da ke kansa. Ni kuwa "mai farar hula" nake ce masa. Tsawonsa santimita 20 ne da 'yan kai. Ƙirjinsa da cikinsa ruwan goro ne, kumatunsa baƙaƙe, ga fari fat a tsakar ka kamar wanda ya kafa hula zai tafi Idi. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, kuma a ƙasar nan yana cikin tsuntsayen dajin Amurum da ke kusa da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take.

Baiwarsa ita ce kwaikwayo. Yakan ɗauko kukan wannan tsuntsu ya haɗa da na wancan, ya saƙa su cikin waƙarsa, har mai sauraro ya rantse tsuntsaye biyar ne a reshe guda. Amma duk da wannan murya, kunya gare shi. Ba ya hawa ƙololuwar itace ya nuna kansa. A ƙasa yake kiwo, cikin inuwa, yana birkita busassun ganye yana tsintar ƙwari da tsutsotsi, a cikin sarƙaƙiya kuma yake sheƙa da damina.

To, a nan gizo yake saƙar. Abin da yake rayuwa a cikinsa shi ne abin da mu muke kira ƙazanta. Bara aka turo leburori da adduna suka share duhuwar nan ƙarƙaf, aka tara ganyen aka cinna masa wuta, wai don gudun macizai. Ban raina tsoron maciji ba, ni ma ina da yara. Sai dai tsakanin gidan ƙarshe da bakin rafin akwai tazarar da ta isa a share gefen gidaje a bar sauran. Manyan itatuwan suna nan, shi ya sa da na yi ƙorafi aka ce mini ai ba a sare komai ba. Mun saba ƙirga itace, ba mu ƙirga abin da ke ƙarƙashinsa.

Na rubuta wa ofishin da abin ya shafa takarda ina roƙon a bar ko da taku ashirin daga bakin rafin ya sake tofowa. Har yau ina jiran amsa. Daminar bana ta kusa ɗaukewa, kuma sau biyu kawai na ji fiton, shi ma daga can ƙetaren rafi.