Me Ya Haɗa 'Yar Tofa Da Jirgin Ruwa?

Yau zancenmu a kan wani irin ilmi ne wanda da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba, watau ilmin zana jiragen ruwa da ƙera su. Na san wata za ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Mu da muke Tofa, tsakiyar gonakin gero da dawa, ina mu ina jirgin ruwa? Ai wannan sai mutanen Ikko." To, 'yar'uwa, dakata ki ji.

Ran 30 ga watan Nuwamba na 2021 wani kwalekwale ya taso daga ƙauyen Badau zai haye dam ɗin Watari zuwa Bagwai, nan kusa da mu. Galibin waɗanda ke ciki yara ne 'yan Islamiyya, za su wajen Mauludi. Jirgin ya kife, aka rasa rai aƙalla 29. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Abin da aka fi faɗi game da sanadin wannan masifa shi ne lodi ya yi wa jirgin yawa. Kowa ya san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma kuma an hore mu mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. Kun ga ashe ruwa ya riga ya zo ƙasar Kano. Ga Tiga tun 1974, ga Watari, ga na Challawa a Ƙaraye. Duk inda aka tare ruwa an yanke wa wasu ƙauyuka hanya, kuma mata da yara su ne masu yawan hayewa, zuwa kasuwa da biki da suna da asibiti.

Shi wannan ilmi, tushensa yana cikin tsakar gidanki. Ɗauki ƙwarya ki ɗora a kan ruwa cikin baho. Za ki ga ta ɗan nutsa kaɗan ta tsaya. Dalili kuwa, ta ture ruwa daidai nauyinta, shi kuma ruwan ya tallafe ta. Zuba gero a ciki, sai ta ƙara yin ƙasa, don tilas ta ture ƙarin ruwa daidai nauyin geron. In kika yi ta zubawa har bakinta ya zo daf da ruwa, ko yaro ya taɓa bahon sai ta sha ruwa ta nutse. Wani masani na ƙasar Girka mai suna Arkimidis shi ya bayyana wannan ƙa'ida fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yau da ita ake aiki.

Bari mu yi lissafi tare. Ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, watau jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan. A ce mutum 50 sun shiga jirgi, kowanne kilo 60. Nauyinsu ya zama kilo 3,000. To, lalle sai jirgin ya ƙara nutsawa har ya ture ruwa jarka 120 kafin ya ɗauke su. Mai wannan ilmi tun jirgi yana kan takarda yake aunawa, ya ce wannan mutum kaza zai ɗauka, in an ƙara ko ɗaya an shiga haɗari. A Ingila ma sai da ma'aikatan jirgi da yawa suka halaka saboda haɗamar masu jirage, kana aka yi doka a 1876, bisa naciyar wani ɗan majalisa Samuel Plimsoll, cewa a zana alama a jikin jirgi wadda ba a yarda lodi ya nutsar da ita ba.

Abu na biyu da suke koyo shi ne abin da ke hana jirgi kifewa. Wadda ta taɓa ɗauko ruwa a daro ta san wuyarsa. Da kin karkata kaɗan sai ruwan duk ya gudu gefe guda ya nemi kayar da ke, alhali kuwa tulu mai ƙaramin baki ba ya yin haka. Haka jirgi yake in ruwa ya shiga cikinsa yana kai da kawowa, shi ya sa masu zane suke rarraba cikin jirgi ɗaki ɗaki. Har ila yau kaya masu nauyi a ƙasa ake so su zauna. In fasinja suka firgita suka miƙe tsaye, ko suka ruga gefe ɗaya, nauyi ya koma sama ko gefe guda ke nan, sai kifewa. Bayan wannan suna koyon ƙarfin ƙarfe da katako, da irin injin da ya dace da kowane jirgi, da yadda ake zane da kwamfuta.

To, ina ake koyonsa? A Fatakwal akwai jami'ar jihar Ribas, wadda aka buɗe a 1980 da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha, aka sake mata suna a 2017. Tana da sashen injiniyoyin jiragen ruwa, a nan ake koyar da zanen jirgi. Akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Nijeriya a Okerenkoko cikin jihar Delta, wadda ta soma karatu a 2018. Digirin injiniya shekara biyar ne. Ana son yarinya ta ci darasi biyar da kyau a jarrabawar gama sakandare, cikinsu da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma waɗannan huɗun za ta rubuta a JAMB. In iyaye suna ganin Fatakwal ta yi nisa ga budurwa, to, ga hanya ta kusa. Ta karanta injiniyan injuna a Jami'ar Bayero, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, daga baya ta ƙaro ilmin jirgi a kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san abin da ke ran iyaye. Ana tsoron 'ya mace ta shiga teku wata da watanni cikin maza. Ku sani mai zana jirgi dabam, matuƙi dabam. Yawancin aikinta a ofis ne da wurin ƙira, ta tafi da safe ta komo gidan mijinta da yamma, kamar malamar asibiti. A Amurka an yi wata baƙar fata, Raye Montague, wadda a ƙuruciyarta aka hana ta karatun injiniya saboda launin fatarta. Ba ta fid da rai ba, ta kama aiki da sojan ruwa tana mai buga tafireta, tana koyon kwamfuta da dare. A 1971 ita ce ta fara fitar da zanen jirgin yaƙi da kwamfuta, cikin abin da bai kai awa 19 ba. A nan gida kuwa sojan ruwan Nijeriya sun ƙera jirginsu da kansu a Ikko, Andoni a 2012, sa'an nan a 2016 suka ƙera wani suka sa masa suna Karaduwa, sunan kogin nan na ƙasar Katsina. Jirgi ya ci sunan koginmu na Arewa, ai ya kamata a sami 'ya'yanmu cikin masu zana na gaba.

Amma fa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan karatu a aji uku na firamare yake somawa, ranar da yarinya ta kawo miki littafin lissafi. Kada ki ce da ita lissafi na maza ne. Yarinyar da ke tallan ƙuli da ƙosai ta komo da canji daidai ba ta ɓatar da ko sisi ba, ai ta riga ta nuna tana da kan lissafi. A rage mata talla lokacin makaranta, a ba ta fitila da dare, in ta kai aji uku na ƙaramar sakandare a sa ta zauna jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jihar Kano, irin ta 'yan mata da ke Garko. Ki yi wa maigida maganar cikin ladabi tun da wuri, kada sai an kawo kuɗin gaisuwa.

Kafin Allah ya kai mu ga wannan rana, ga gargaɗi. In za ki haye ruwa, dubi gefen jirgin tukuna. In kika ga bakinsa ya kusa shan ruwa, ki fito da 'ya'yanki ki jira na baya, ko za a yi miki dariya. Kada ki yarda da hayewa bayan magariba. In akwai rigar ceto ki sa, ki sa wa yaro. In jirgi ya yi tangaɗi, kowa ya zauna inda yake. Rigakafi ya fi magani.

Wadda take da 'ya mai son lissafi, ko malama mai koyar da shi a ƙauyukanmu, ta rubuto mana mu ji yadda ake ciki. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, a tudu da cikin ruwa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.