Hasken Talla a Hanyar Nsimalen



Duk wanda ya taso daga Briqueterie da daddare ya nufi tsakiyar Yawunde, ya ga yadda talla ta sauya kama. Da, takarda ce ake mannawa a allo, rana ta ci ta, ruwa ya wanke. Yanzu talabijin ne katon gaske aka kafe a bakin titi, yana juya launi dare da rana: ja, kore, fari fat. Direbobin tasi da 'yan babur sun riga kowa kokawa. Sharhinmu na yau kuwa a kan wani direban ne da ba ya iya taka birki ya tsaya a gefen hanya, wato matuƙin jirgin sama.

Idon ɗan Adam yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma walƙiya ɗaya tak ta isa ta rushe wannan sabo. Shi ya sa matuƙa ke rage fitilun ɗakin tuƙi idan za su sauka da dare. Wanda mota ta taɓa dalle wa fitila a hanyar Obala ya san 'yan daƙiƙun nan da mutum ke tuƙi da tawakkali kawai. To jirgin fasinja yana tunkarar ƙasa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa.

Ba ƙarfin hasken ne kaɗai matsala ba, har da launinsa. Filin jirgi da fitilu yake magana. Kore shi ne bakin titin sauka, fari gefunansa, ja ƙarshensa. Akwai wasu fitilu 4 a jere a gefe: idan matuƙi ya ga biyu fari biyu ja, yana kan daidai, idan duk suka koma ja, ya yi ƙasa da yawa. Yanzu a ce a daidai wannan layin an kafa allon kamfanin waya ko na lemo yana sheƙa ja da kore, ga hazon damina irin na Yawunde yana watsa hasken ko'ina. Ƙwararren matuƙi ma yana ruɗewa da fitilu. A watan Yulin 2017, a San Francisco ta Amurka, jirgin Air Canada ya ɗauki titin da jirage ke bi su shiga layi a matsayin titin sauka, saura ƙiris ya faɗa kan jirage 4 cike da mutane.

Mu a Kamaru ba ma buƙatar a ba mu labarin dare. Ranar 5 ga Mayun 2007 jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala bayan tsakar dare, ya faɗi a fadamar Mbanga Pongo, mutum 114 suka rasu. Babu allon talla a wannan hatsari. Bincike ya nuna matuƙin ne ya kasa gane yadda jirgin ya karkata a cikin duhu. Abin lura shi ne, da dare hankalin matuƙi a kan siraɗi yake, bai kamata mu ƙara masa kaya ba.

Dokar tana nan. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce duk hasken da ke kusa da filin jirgi wanda zai iya jawo haɗari ko ya rikita matuƙi, a kashe shi, ko a kare shi, ko a gyara shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai ba da izinin kafa allo daban, mai kula da sararin sama daban. Magajin gari harajin talla yake lissafawa, hukumar jiragen sama ta Kamaru, CCAA, kuma jirage take kallo.

An gina filin jirgin saman Yawunde da ke Nsimalen a farkon shekarun 1990 can bayan gari, saboda birni ya haɗiye tsohon filin da ke Mvan, wanda sojojin sama ke amfani da shi yanzu. Ga shi gari ya sake bin sa a baya. Sabuwar babbar hanyar Nsimalen kuwa ita ce irin wurin da kowane ɗan talla ke kwaɗayi, don ta nan ministoci da baƙi da alhazanmu ke wucewa. A ganina, yanzu ne lokacin magana, tun ba a zuba kankare an kafa ƙarfe ba, don cire allon mai kuɗi bayan ya tsaya aiki ne ja.

Mu ma da namu laifin. 'Yar fitilar lesa mai koren haske da yara ke wasa da ita, da fitilun biki masu leƙa sama, duk cikin lissafi suke. A Amurka matuƙa sun kai ƙarar haska musu lesa fiye da sau 13,000 a 2023 kaɗai. Yankin da ICAO ta ce a yi hattara da lesa ya kai kilomita 18 da rabi kewaye da fili, wanda daga Nsimalen ya shigo cikin Yawunde sosai.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Kada a ba da izinin allo mai haske a layin saukar jirage sai CCAA ta sa hannu. A rage masa ƙarfi daga magariba, a hana hoto mai walƙiya, a sunkuyar da fuskarsa ta kalli titi. Iyaye kuma a duba aljihun yara, masu haya da kayan biki su maida fitilunsu kan taron da ya biya su.