Termit ba ta sayarwa ba ce

Ƴan uwa talakawan bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Magarya, wani zai ce ina ruwan manomin gero da dabbar hamada. To, a saurara.

A shekarar 2012 Nijar ta keɓe gandun Termit da Tin-Tumma, fili mai faɗin kilomita murabba'i 97,000 tsakanin jihohin Damagaram, Difa da Agadas. A nan ne adaks, farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, ta samu mafakarta ta ƙarshe a daji. A nan kuma mena take, barewar da ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ke amsa sunanta.

A 2016 masu ƙidaya suka kewaya yankin ta sama da ƙasa, adaks 3 kacal suka gani. Hanyoyin neman man fetur sun keta daji, masu farauta da mota da bindiga suka bi sawu. Maimakon gwamnati ta ƙara jami'an gandun daji, sai a watan Yunin 2019 ta yanke kusan rabin gandun, ta bar wa aikin man Agadem. Gobara ta kama, aka kawo ƙaiƙayi.

Ba mu ƙi man fetur ba. Tun 2011 matatar Damagaram ke tace shi, kuma muna son ya amfani kowa. Amma rijiyar mai ƙarewa take yi. Dabbar da ta ƙare ba ta dawowa, kamar yadda jiminar daji ta ɓace daga Ayar. Gandun da aka tsare abinci ne: ɗan jagora, direba, mai raƙumi da maƙerin azurfa duk suna ci daga baƙon da ya zo kallon duwatsun Termit. Ƴan makarantarmu ma sun cancanci ganin mena da idonsu, ba a jikin riga kaɗai ba.

Ga alkawarinmu: a mayar wa gandun iyakarsa, a ɗauki matasan Tubawa da sauran makiyayan yankin aikin tsaro, a sa kamfanonin mai su biya kuɗin gyaran abin da suka ɓata, a hukunta mai farauta ko ɗan wane ne.

Wanda ya yanke gandun hamada bai tambayi makiyayi ba, gobe burtalinka da makiyayar garinku zai yanke. Ranar zaɓe, ku fito da katinku, ku ba shi amsa a akwati.