Sanarwar Bayan Taron Kwamitocin Lafiya na Mazaɓun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Kwamitocin lafiya na mazaɓun Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Tarauni sun yi zaman haɗin gwiwa ranar Lahadin da ta gabata, bayan sallar La'asar, tare da masu unguwanni, limamai, malaman Islamiyyun matan aure, ungozomomi da wakilan matasa da na 'yan garuwa, domin duba halin da unguwanninmu ke ciki kafin damina ta kankama. Ga abin da aka tsayar.

Taron ya gode wa Allah da maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, mutane kuma suke zuwa masa daga jihohi da dama, mu kuwa da ƙafa ma sai mu je. Sai dai an lura wannan kusanci ya sa wasunmu sakaci. Yaro zai kwana uku da zazzaɓi ana ɗirka masa maganin kemis, ana cewa ai ga Asibitin Malam nan in abin ya yi tsanani, alhali ga ƙaramin asibitin unguwa inda za a yi gwajin jini a san abin da ke damunsa tun da wuri. An roƙi magidanta su mayar da awon ciki, rigakafi da gwajin zazzaɓi ƙananan asibitoci, a bar wa babban asibiti manyan larurori.

Maganar rigakafi ce ta fi cin lokaci. An tuna wa mahalarta cewa annobar mashaƙo da ta ɓulla a ƙarshen 2022 ta fi yi wa Jihar Kano ɓarna a duk Najeriya, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba, ga shi allurar kyauta ce, ana yin ta a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. Wani dattijo ya miƙe ya ce kada a ɗora wa iyaye laifi kawai, domin akwai waɗanda har yau ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda yana cikin abin da ya jawo ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Taron ya karɓi maganarsa. Ya kuma lura cewa shigowar sarakuna da malamai cikin aikin ce ta sa mutane suka sake buɗe ƙofofinsu, har aka kai ga watan Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna. Don haka aka tsayar cewa ungozoma ko wanzamin da ya san an yi haihuwa ya sanar da mai unguwa kafin suna, limamin da ya raɗa suna kuma ya tambayi uban jariri katin rigakafi, cikin raha, ba a gaban jama'a ba.

Game da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a watannin damina, an ja hankalin iyaye mata cewa na kwana uku ne. Ma'aikaciya ce ke ba da na farko, sauran biyun suna hannun uwa, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Sai tsaftar ƙarshen wata. An faɗi gaskiya: daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake rufe hanya domin tsaftar, yawancinmu barci muke ramawa, ko mu zauna a ƙofar gida muna jiran a buɗe hanya. Waɗanda suka daure suka yashe kwata ma sukan jibge dagwalon a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Daga wannan wata kowane layi zai fito aikin gayya, ya tanadi kura ko baro tun daren Juma'a, kwamitoci kuma za su rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB da Ƙaramar Hukumar Tarauni takardar neman mota a wuraren tara shara, musamman kewayen kasuwar Tarauni inda ledar fiya-wata ke toshe magudanai.

Wakilan 'yan garuwa sun amince su riƙa wanke jarkokinsu duk mako. Za a kai wa alarammomi ziyara kan makewayi da ruwan sha a tsangayu.

Ba a daidaita ba kan shawarar matasa ta cin tarar duk wanda aka kama yana zuba shara a kwata. Masu unguwanni sun ce kwamiti ba shi da hurumin cin tara, wasu mata kuma sun ce yara ake aika da sharar, a fara samar musu wurin zubawa tukuna. An ɗage maganar zuwa zama na gaba, wanda za a yi bayan tsaftar ƙarshen wata, inda kowane layi zai zo da rahoton abin da ya yi.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro